Allon da Ba a Wanke Ba

A garin Karaye akwai wani ɗan shago irin waɗanda ake kira shagon turi, inda mutum yakan miƙa katin memori a zuba masa fina-finan Kannywood, ko waƙoƙi, ko karatun malamai, ya biya ya kama gabansa. Mai shagon matashi ne da ya karanta ilimin kwamfuta, ya yi hidimar ƙasa, ya zaga neman aiki har ya gaji, daga bisani ya dawo gida ya kafa tebur. Jarinsa wata tsohuwar kwamfuta ce da ya ɗora wa Linux, domin ba ta da ƙarfin ɗaukar manhaja mai nauyi, kuma cututtukan da ke yawo a katunan jama'a ba su cika kama ta ba. Da ciniki ya buɗe, sai ya sayo wata na'ura mai ramuka takwas wadda ake dasawa a cikin kwamfutar, don ya riƙa cika katuna takwas a lokaci guda. Na'urar ta zo da direbanta a rubuce, sai da ya harhaɗa shi da kansa kafin ta fara aiki.

A bazarar 2023, bayan ƙaramar salla, wani dattijo ya zo daga Rogo da jakar leda. A ciki akwai kaset 14 na karatun Risala da mahaifinsa ya yi a zaure shekaru da dama da suka wuce, wani almajiri ya ɗauka da rediyo mai kaset. Mahaifin ya daɗe da rasuwa. Dattijon yana so a mayar da muryar cikin kati, ya sa a waya, jikoki su ji. Matashin ya kwashe kwana huɗu yana juyawa. Zaren uku daga cikin kaset ɗin ya riga ya ruɓe, ya samu ya wuce da su sau ɗaya da ƙyar, na'urar ta tauna su a ƙarshe. Bai damu ba, tunda muryar ta riga ta shiga kwamfuta. Amma faifan ajiyarsa a cike yake da fina-finai, saboda haka da ya zo zuba wa dattijon, maimakon ya kwafa sai ya kwashe gaba ɗaya, wato abin da ya shiga kati ya goge daga kwamfuta. Allon kwamfutar ya ce an gama. Ya ba da umarnin cire kati, ya ce a cire lafiya.

Bayan mako guda dattijon ya dawo. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, muryar Malam tana yankewa. Yana tsakiyar magana sai ka ji shiru."

"Allah ya gafarta Malam, bari in duba. Wataƙila wayar ce."

Ba wayar ba ce. Fayil shida cikin 14 suna da ramuka a tsakiya, wuraren da ya kamata a ce murya ce amma babu komai sai tarkace. Biyu daga cikin shidan na kaset ɗin da suka tsinke ne.

Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san wanda ake fara zargi: katin jabu, wanda aka rubuta masa gig 32 alhali cikinsa bai kai huɗu ba. Matashin ya gwada katin da wata 'yar manhaja mai suna F3, wadda take cika kati da bayanai ta sake karantawa don ta ga ko ƙarya yake yi. Katin na gaskiya ne, sai dai yana da nawa wajen rubutu. Ya zargi zafin bazara, ya zargi wuta da ke rawa idan an juya daga sola zuwa janareta. Sannan ya tuna cewa a watannin baya an sha dawo masa da kati ana cewa fim ya tsaya a tsakiya, yakan sake turawa kyauta ya manta. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kwamfutar ba ta taɓa cewa an samu matsala ba. Na'ura takan gaza, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta gaza ta kuma ce ta yi nasara, wannan wani abu ne dabam.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi mene ne direba. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ba ta san yaren kowace na'ura ba. Idan tana son rubuta abu a kati, sai ta miƙa wa direba, shi kuma ya yi magana da na'urar, ya jira amsa, ya dawo ya ba da rahoto. A Linux rahoton lamba ce ɗaya. Sifili yana nufin komai ya tafi daidai. Lambar da ke ƙasa da sifili tana nufin an samu kuskure, kuma kowane kuskure da lambarsa: 5 ga gazawar karatu ko rubutu, 110 ga jiran da ya wuce wa'adi. A kan wannan rahoto kaɗai manhajar take dogara. Ba ta zuwa ta leƙa kati da idonta. Idan direba ya ce sifili, to an rubuta, kuma ana iya goge asali.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, an rubuta kusan dukkan zuciyarta da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970. Ita ce kuma ke ƙarƙashin kowace wayar Android, saboda haka mai sayar da rake a Rogo da masunci a bakin madatsar Challawa duk suna ɗauke da ita a aljihu ko ba su taɓa jin sunanta ba. A harshen C, idan mai rubutu yana buƙatar wurin ajiye wata lamba na ɗan lokaci, sai ya nemi gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya raɗa masa suna. Ana ba shi gurbin nan take. Abin da ba a yi masa shi ne share gurbin.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san tsarin: kafin a yi sabon rubutu sai an wanke allo, an bar shi ya bushe. A ce wata makaranta ce da allunan ba na kowa ba ne, ana ajiye su a jingine, duk wanda ya zo ya ɗauki na sama, ya yi rubutu, ya mayar ba tare da ya wanke ba. Muddin kowa yana rubuta nasa a kan na baya kafin ya karanta, babu abin da zai faru. Ranar da wani yaro ya ɗauki allo, aka kira shi kafin ya rubuta komai, ya dawo ya miƙa wa malam, to malam zai karanta darasin wani ya ɗauka nasa ne. Haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take. Babu gurbin da yake fanko. Kowanne yana ɗauke da ragowar wanda ya yi amfani da shi na ƙarshe. Masu tsara harshen ba mantawa suka yi ba. A kwamfutocin zamaninsu kowane motsi yana da tsada, kuma share gurbin da za a rubuta a kansa nan da nan ɓarnar lokaci ce. Sai suka ɗora nauyin a kan mai rubutu. Ƙa'idar harshen ma cewa ta yi, a irin wannan hali ba ta yi alkawarin abin da zai biyo baya ba.

Matashin ya fara da kundin da zuciyar Linux take rubuta abin da ke faruwa a cikinta. A tsakanin dubban layuka ya ga wasu kaɗan inda direban ya ba da rahoton kuskure da wata lamba mai tsawo wadda babu ita a jerin lambobin kuskure. Wannan ne zaren da ya ja. Ya tara tsofaffin katuna masu nawa, ya cika ramuka takwas ɗin, ya tura fayil ɗaya sau da yawa, yana gwada abin da ya shiga da abin da ya fito. Da katuna masu sauri babu matsala. Da masu nawa, idan duk ramukan suna aiki tare, sai ramuka su bayyana a cikin fayil, kuma kusan kullum ba tare da wani ƙorafi ba.

Ya buɗe rubutun direban. Sashen da ke tura bayanai bai kai layi hamsin ba. A farkonsa an nemi gurbi mai suna ret, inda za a ajiye rahoto. Sai a tura umarni ga kati, a jira. Idan kati ya amsa, a zuba amsarsa a gurbin. Idan wa'adi ya cika bai amsa ba, sai a tsallaka zuwa ƙarshen sashen, a tattara kaya, a miƙa abin da ke cikin gurbin a matsayin rahoto. A wannan hanya ta biyu babu wanda ya rubuta komai a ciki. Kuma da yake sashen yana gudana sau dubbai a jere, yana samun wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa kusan kowane lokaci, ragowar da ke gurbin yawanci rahoton zagayen da ya gabata ne, wato sifili. Katin bai karɓi komai ba, direban ya miƙa allon jiya, manhajar ta karanta "an yi nasara". Jefi-jefi wani aiki dabam yakan ratsa ta wurin ya bar nasa tarkacen, shi ne baƙuwar lambar da ta fito a kundi.

Irin wannan kuskure bai keɓanta da ƙananan kamfanoni ba. Mafi shahara a 'yan shekarun nan ya faru ne a tsakiyar Linux kanta. A ƙarshen Afrilun 2021 wani abokin cinikin kamfanin CM4all da ke Jamus ya kai ƙorafi cewa fayil ɗin da ya sauke ya lalace. Injiniyan kamfanin, Max Kellermann, ya gyara fayil ɗin da hannu ya rufe batun. Abin ya sake dawowa, ya kuma dawowa. Da ya bincike faifai guda sai ya tarar da fayil 37 da suka lalace cikin wata uku, kuma sun fi taruwa a ranar ƙarshe ta wata. A kowanne, 'yan haruffan ƙarshe ne aka taka da wasu da suka fara da PK, alamar fayil ɗin ZIP. Manhajar da ke rubuta wannan alama ba ta da izinin taɓa waɗannan fayil ko kaɗan. Sai a watan Fabrairun 2022, bayan wata goma, ya gano cewa laifin na zuciyar Linux ne: wani gurbi mai suna flags, a cikin bututun da manhajoji ke miƙa wa juna bayanai, ba a share shi kafin a sake amfani da shi. Ragowar da ke ciki tana cewa "an halatta ƙari a nan", sai rubutun wani ya zube a kan fayil ɗin wani. An bar gurbin haka tun 2016, amma bai zama haɗari ba sai da wani sauyi na 2020 ya ba ragowar ma'ana. Kellermann ya nuna cewa da wannan ɓaraka mutum marar izini zai iya sauya fayil ɗin da aka kulle, har a wayar Pixel 6. An raɗa masa suna Dirty Pipe, aka sanar da duniya ranar 7 ga Maris 2022. Facin da ya toshe shi layi biyu ne, kowanne yana zuba sifili a gurbin.

Matashin ya san wannan labari, kuma shi ne ya kusa ɓatar da shi. Hannunsa ya riga ya rubuta sifili a gaban ret. Gyara ne da kowane ɗalibi zai yi: an ce gurbi ba a share ba, to a share. Da ya bar shi haka, baƙuwar lambar za ta ɓace daga kundi har abada, kowane mai bincike zai ce direban ya warke. Amma sifili a wannan gurbi ba fanko ba ne, kalma ce, kuma ma'anarta "an yi nasara". Da ya mayar da ƙaryar da ake yi bisa tsautsayi ta zama ƙaryar da ake yi kullum bisa doka. A matsalar Kellermann sifili yana nufin "babu wani izini na musamman", shi ya sa ya zama daidai a can. A nan tambayar ba ita ce me za a zuba don gurbi ya daina zama babu mai shi ba. Tambayar ita ce, a wannan hanya da marubucin farko bai hango ba, mece ce gaskiyar abin da ya faru? Gaskiyar ita ce kati bai amsa ba. Ya goge sifilin, ya je daidai wurin da ake tsallakawa, ya rubuta lambar jiran da ya wuce wa'adi, 110 da alamar ragi a gabanta. Layi ɗaya.

Tarihin manhaja yana da misalin garin gyaran gira a rasa ido. A 2006 wani mai kula da manhajar tsaro ta OpenSSL a tsarin Debian ya ga na'urar bincike tana ƙorafin ana karanta gurbin da ba a share ba. Ya cire layukan da ake ƙorafi a kansu, ƙorafi ya tsaya. Ashe ɗaya daga cikinsu shi ne ke zuba kusan dukkan bazuwar da ake haɗa makullan sirri da ita. Kusan shekara biyu kwamfutocin Debian da Ubuntu suna ƙera makullan da yawansu bai wuce 32,768 ba a kowane nau'i, adadin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya ya gama. Luciano Bello ne ya gano a watan Mayun 2008. An yi wa na'urar bincike shiru, ba a tambayi abin da layin yake yi ba.

Akwai tambayar da ta rage wa matashin: me ya sa tafintan da ke juya rubutun C zuwa yaren na'ura bai gargaɗe shi ba ranar da ya harhaɗa direban? Tafintan GCC yana da gargaɗi na musamman ga gurbin da mai yiwuwa ba a cika ba. Sai dai yana yawan ihu inda babu kura, har Torvalds ya kashe shi a tsarin harhaɗa Linux a 2020, kuma direban da aka harhaɗa a gefe yana gadon wannan tsari. Da matashin ya kunna gargaɗin da hannunsa a kan tsohon rubutun, tafintan ya nuna masa layin nan take. A wannan shekarar ce kuma Kees Cook ya jagoranci cire wata dabara da masu rubuta Linux suka daɗe suna amfani da ita don rufe bakin tafinta ba tare da sun cika gurbi ba, domin ta ɓoye kurakurai na gaske. Daga baya an ƙara wasu matakai. Akwai zaɓin da ke sa tafinta ya share irin waɗannan gurabe da kansa, akwai kuma KMSAN, wadda ta shiga Linux 6.1 a Disambar 2022, tana bin kowane gurbi tana kama lokacin da aka dogara da abin da ba a rubuta ba. Sharewar kai-tsaye tana da amfani ƙwarai wajen hana sirrin wani ya zube ga wani. Amma a direban shagon Karaye da sifili za ta zuba, kuma an riga an ga abin da sifili yake faɗa a wurin.

Ya sake harhaɗawa, ya cika ramuka takwas da katuna masu nawa. Cikin minti kaɗan allon ya nuna abin da bai taɓa nunawa ba: rubutu ya gaza a rami na shida. Bai taɓa jin daɗin ganin saƙon kuskure irin na ranar ba. Daga nan sauran aikin mai sauƙi ne. Wa'adin jiran da aka sa wa direban ya yi gajarta ga tsofaffin katuna, ya tsawaita shi, gazawar ta ragu ƙwarai, wadda ta rage kuma tana bayyana kanta. Ya rubuta bayani ya haɗa da facin ya aika wa kamfanin da ya ƙera na'urar. Ba a ba shi amsa ba. Facin Kellermann ya shiga Linux cikin kwana uku, duk da cewa isarsa wayoyi ya danganta da ko mai ƙera wayar yana aiko da sabuntawa, abin da tsofaffin wayoyin hannu na biyu ba su cika samu ba. Nasa facin yana kwamfuta ɗaya a duniya. Duk wani shago da ya sayi irin na'urar, a ko'ina yake, yana nan yana miƙa katuna masu ramuka, mai shagon yana ba da haƙuri yana zargin zafi.

Ya canza abu biyu a shagon waɗanda ba su shafi direba ba. Ba ya ƙara kwashewa, sai kwafa. Kuma ba ya miƙa kati sai ya sake karanta abin da ke ciki ya gwada da asali, ko da layi ya yi tsawo ana gunaguni.

Kaset huɗu daga cikin shidan ya sake juya su, suka fito lafiya. Sauran biyun ya bi faifan ajiyarsa da manhajar tono abin da aka goge, amma fina-finan da ya sauke a wannan mako sun riga sun hau kan wurin. Ya samo gutsattsari, ya jera su inda suka dace, ya rage ramukan daga tara zuwa huɗu. Ranar wata Juma'a ya rufe shago ya hau mota zuwa Rogo.

Dattijon ya karɓe shi a zauren da aka yi karatun. Matashin ya durƙusa ya yi bayani gwargwadon iyawarsa, bai ambaci gurbi ko direba ba, ya ce kuskuren daga wurinsa ne, da bai goge asali ba da ba a kai ga haka ba.

"Allah ya gafarta Malam, wurare huɗu ban iya dawo da su ba."

"Sa mu ji, ɗana."

Ya sa katin a waya ya ajiye a kan buzu. Muryar ta fito da ƙarar tsohon kaset, ana jin tarin wani almajiri a baya da kukan akuya daga cikin gida. Mamacin yana karanta Larabci yana fassarawa, gaɓa-gaɓa. A minti na goma sha ɗaya, a tsakiyar wata jimla ta babin alwala, sai shiru. Dattijon bai ɗaga kai ba. Ya ɗauki jimlar daga inda ta yanke, ya ƙarasa ta da irin karin mahaifinsa, ya ci gaba zuwa ta gaba. Yana cikin ta uku muryar da ke waya ta dawo, ta same shi ya wuce ta da kalma biyu. Ya dakata ya jira ta.